Bushin kaɗai ko lowa-am gaba ɗayansa?

Ɗan'uwa, ka ce gaban motarka na yin ƙwal-ƙwal idan ka shiga gargada, in ka taka birki da ƙarfi kuma sitiyari ya ɗan fizge gefe. Makanike ya duba ya ce robobin lowa-am, ƙarfen nan na ƙasa da ke haɗa ƙafar mota da gangarta, sun tsage. Kana so ka sani: a canja bushin kaɗai, wato robobin nan, ko a sa sabon am ɗungurungum? Sannan bushin na roba ko na foliyuritan, wani nau'in filastik?

Amsar tana wajen bol-join, gaɓar nan mai kai kamar ƙwallo da ƙafa ke juyawa a kanta, ba wajen bushin ba. A yawancin motoci lowa-am kai uku gare shi: biyu suna ɗaure da gangar mota ta bushin, na ukun yana riƙe da ƙafa ta bol-join. Tare aka sa su, tare suke shan wahalar hanya. Saboda haka kafin ka sayi komai, a ɗaga motar, a zura ƙarfe a ɗan banƙara wurin bol-join ɗin. In ya yi wasa, ko robar da ke rufe masa giris ta yage, to shi ma kwanansa ya kusa ƙarewa. Sai a duba yadda yake zaune. A yawancin Corolla da Camry ɗaure shi ake yi da noti, ana cire shi shi kaɗai. A wasu motocin kuwa, musamman masu am ɗin alminiyam, a jiki yake, ba ya fita. Irin wannan in ya mutu, babu sauran shawara, am za ka saya.

Canja bushin kaɗai ya fi sauƙin kuɗin kaya, amma aikinsa ya fi yawa, don sai an kwance am ɗin duk da haka, a fitar da tsohuwar robar, a matsa sabuwa. A nan ake ɓata aiki. Injin matsi ake buƙata. Wanda ya ƙona tsohuwar robar da wuta ya buga sabuwa da guduma yana iya faɗaɗa ramin, bushin ya riƙa yawo a ciki, ƙarar ta dawo. Kuma da yawa cikinsu ba dunƙulalliyar roba ba ce: in ka duba za ka ga an bar gurbi a gefe biyu, ga 'yar kibiya a bakin ƙarfen tana nuna inda za a fuskantar da shi. A juya shi ba daidai ba, ya yi tauri inda ake son laushi, ya tsage da wuri. Akwai kuma masu mai a ciki, kamar na BMW da yawa. Su ko ba ka ga tsaga ba, baƙin zirin mai a ƙasansu ya isa shaida.

Sabon am ya fi tsada, amma da bushin ɗinsa a matse yake zuwa daga masana'anta, sau da yawa har da bol-join. Sai dai kada sheƙin fenti ya ruɗe ka. Am mai araha marar suna, robarsa ce ke fara mutuwa, kuma ni a wurina tsohon ƙarfen kamfani da aka sa wa bushin mai kyau ya fi shi nesa ba kusa ba. Lemförder na cikin masu yi wa kamfanonin motocin Jamus kaya tun daga masana'anta. 555 na Japan da CTR na Koriya sun yi suna a motocin Asiya, Moog kuma a na Amurka. Jabunsu na yawo, don haka suna a kwali bai isa ba. Ka nemi kayan da lambar shasi, mai harafi da lamba 17 ɗin nan, ka kuma jera tsoho da sabo a ƙasa ka gwada ramuka kafin a ɗaura.

Batun foliyuritan ba ya buƙatar dogon zance. Ya fi roba tauri, mai ba ya cinye shi, sitiyari yana ƙara kama hanya. Amma kowane rami sai ka ji shi a kujera, kuma in giris ɗinsa ya bushe sai ƙiƙi-ƙiƙi. Mai motar tsere ya saya. Motar zirga-zirgar yau da kullum, roba.

In am ɗinka bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta ci shi ba, bol-join lafiya lau ko mai fita ne, ga injin matsi, canja bushin. In ɗaya daga ciki ya gaza, sayi am. Ko wanne ka zaɓa, a yi hagu da dama tare.

Sannan ka tsaya a kan makaniken wajen ɗauri. Bushin ɗin roba manne yake da ƙarfensa ciki da waje, ba juyawa yake ba, murɗewa yake. In aka ƙulle notin da ya ratsa ta cikinsa alhali mota na rataye a jak, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, ta yage tun ba a je ko'ina ba. A bar notin sako-sako, a sauke mota nauyinta ya hau taya, sannan a ƙulle. Daga nan sai wurin saitin ƙafa, in ba haka ba gefen tayarka na iya cinyewa.