Na biya injiniya ya yi mini lissafin putur a Tawa

Shagona da ke kusa da babbar kasuwa faɗinsa mita 6 ne, kuma tun farko na ce ba na son poto, wato ginshiƙi, a tsakiya, don buhunan hatsi ke shiga da fita. Sama ɗakuna biyu ne da baranda. Ke nan sai an gitta putur mai mita 6, wato gungumen kankaren da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da benen. Masona, wato maginina, wanda muka shekara goma tare, ya ce: "Alhaji, irin putur ɗin mita 3 da muka saba zubawa za mu yi, a ƙara masa ƙarfe biyu, shi ke nan." Ƙanena ne ya matsa in kai zanen wani ofishin injiniyoyi a nan cikin gari. Na tafi ina gunaguni, don kuɗin da suka yanka mini ya ishe ni simintin Malbaza mai yawa.

Yaro aka haɗa ni da shi, sa'an ɗana na fari. Bai taɓa kwamfuta ba sai da ya gama tambayata abin da za a ɗora sama. Na ce ɗakuna ne kawai. Ya ce, "Baba, tankin ruwa fa?" Lita 2000, tan biyu ke nan, ni kuwa ko kusa bai zo mini a rai ba. Sai ya aika aka samo masa karan dawa, ya gitta shi kan kofi biyu, ya danna tsakiya da yatsa, ya ce in duba inda zai fara tsagewa. Ta ƙasa ya tsage. Ya ce haka putur yake: samansa matsewa yake, ƙasansa yana buɗewa. Kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, shi ya sa manyan ƙarafa ke kwanciya ƙasa. Sannan ya rubuta mini lissafin da hannu: nauyin kowace mita sau tsawo, a sake sau tsawo, a raba 8. Wato in tsawo ya ninka biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa tsakiya ninki huɗu yake yi. Nan jikina ya yi sanyi. Ya fitar da santimita 20 a faɗi, 50 a tsaye, putur ɗin shi kaɗai tan ɗaya da rabi. Ƙarfe mai kaurin milimita 16 a ƙasa maimakon mai 12, zobban da ke ɗaure ƙarafan kuma a matse su kusa da poto, don can ne tsaga ke bi a karkace.

Ranar da ya zo duba ɗaurin ƙarfe, kai tsaye baranda ya nufa. An shimfiɗa ƙarfenta ƙasa kamar na dal, wato shimfiɗar kankaren bene. Ya ce barandar da ba ta da tokari a baki samanta ke ja, ƙarfe sama zai hau. Bai ɗaga wa maso murya ba, "Malam" yake ce masa har aka kwance aka sake ɗauri. Jikokina za su yi wasa a wannan barandar. Wallahi a daren nan na yi wa yaron addu'a.

To amma ofishin nasu ya ɓata mini rai, ba kaɗan ba. Takardar da aka ce mako guda sai da ta yi uku, ta zo duk Faransanci da layukan lambobi, maso ba ya karanta ko ɗaya. Duk zuwa sai na ba da kuɗin mai, alhali ba haka muka yi ba. Ranar zubi kuwa, ranar da na fi bukatarsu, babu wanda ya leƙo. Wai an tura yaron zuwa Ƙonni, mai ofishin kuma ya ƙi ɗaukar waya. Ni na tsaya cikin rana ina ƙirga buhu bakwai na siminti a kowace mita kubik, ina hana leburori tsuga ruwa a kwaɓi. Da wannan na biya ku?

Da dare yaron ya kira da lambarsa, ya ba ni haƙuri, ya ce a riƙa shayar da dal safe da yamma, kada a taɓa tokarai sai kwana 28. Mun cika, an cire, babu tsaga ko ɗaya. Tankin dai ban cika shi ba tukuna, ina jiran ya zo ya gani da idonsa. Jiya na sake kiran ofishin, wai sai Litinin.