Darasin tsallaken shinge a Bauchi: yadda yake ga wanda ya daɗe rabonsa da sirdi

A bayan garin Bauchi, ta hanyar Dass, akwai wata barga da ake koyar da tsallake shinge da doki. Da yawa daga masu zuwa ba sababbin hannu ba ne. Sun taɓa hawa, sai hidimar duniya ta raba su da sirdi shekara biyar ko goma. Irin wannan mahayi ya fi ɗan koyo wuyar sha'ani, domin kansa bai manta komai ba, amma cinyoyinsa da gadon bayansa sun manta. A kan yadda ake bi da shi muka auna wurin.

Darasi minti 45 ne, kuma a darussa ukun farko ba mai kusantar shinge, ko da ya zo da hotunan gasar da ya yi a da. Mai koyarwa yana riƙe dokin da doguwar igiya, yana zagaya da shi a da'ira mai faɗin kamar mita 20. Ana rage tsawon likkafa da huda biyu, mahayi ya ɗaga mazaunansa daga sirdi, nauyinsa ya sauka a diddige, doki na sassarfa. Abin da za ka yi ta ji ke nan: "Alhaji, sauke diddige! Ɗago kai, ƙasa ba inda za ta!" Wanda bai iya riƙe wannan tsayuwa minti biyu ba tare da ya rataya a linzami ba, ba a matsar da shi gaba.

Wasu na jin haushin wannan, suna ganin cin kuɗinsu ake yi. Mu a nan muka fi yaba wa wurin. Idan ƙafa ba ƙarfi, da doki ya tashi sai ta zame baya, mahayi ya kifa a wuyansa. Ko kuma doki ya tashi ya bar shi a baya, ya fizgi linzami don ya tsira. Dokin da aka fizgi bakinsa a sama sau biyu sau uku ya gane tsallake ciwo ne, daga nan sai turjiya, ko ya kauce gefe ana dab da shinge. Shi ya sa ake ɗaura wa kowane doki wata 'yar maɗauri ta fata a wuya, mahayi ya kama ta maimakon bakin dabba. Kama ta ba abin kunya ba ne.

Kayan hawan ma daidai suke. Sirdinmu na gargajiya, mai doguwar kwacciya da tudu a baya, an yi shi ne don ya riƙe mutum a sukuwa da zamiya irin ta hawan sallah. A tsallake kuwa kwacciyar nan ciki za ta daka, tudun baya ya bugi ƙugu wajen dira. A nan sirdi mara tudu ake ɗaurawa, mai matashi a gaban gwiwa. Linzamin kuma mai laushi ne, mai gaɓa a tsakiya, ba irin namu mai zobe ba, wanda ɗan taɓi kaɗan ke sa doki ya ja tunga. Yaran barga suna sake ƙara majayi bayan minti goma da fara aiki, tunda doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri.

Inda gwanintar mai koyarwa ta fito fili shi ne awon tazara. Littattafan Turai sun ɗauki taku ɗaya na sassauƙar sukuwa a matsayin mita 3.6, shinge biyu masu taku ɗaya a tsakani kuwa mita 7.3. Wannan awon manyan dawakinsu ne. Namu na Arewa sun fi gajarta, takunsu bai kai haka ba, kuma wanda ya kwafi awon littafi zai sa doki ya cusa wani guntun taku ya tashi a gindin shinge, ko ya yi wawan tsalle daga nesa. A nan da tef ake awo, ba da ido ba. Sandunan da ake shimfiɗawa a ƙasa doki ya ƙetara da sassarfa guda huɗu ne, tsakaninsu mita 1.2 ko ƙasa da haka kaɗan. A darasi na huɗu ake gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu santimita 40, a ajiye sanda ɗaya a ƙasa kamar mita 2.3 kafin su, don doki ya riƙa tashi daga wuri ɗaya kullum. Sai hannu ya zauna ake ƙara shinge na biyu, wajen mita 5.5 a gaba, ana shiga da sassarfa. Zuwa darasi na takwas yawanci ana kan santimita 60 zuwa 70. Ba tsayi ne na burgewa ba, amma doki na dira mahayi na tare da shi.

Sai dai wurin ba ya rasa aibi, kuma babba shi ne ƙasar filin. Yashin ba kauri, da hunturu ya kama sai ƙasan ya yi tauri kamar daɓe. Doki kan ƙafafun gaba yake dira, ƙasa mai tauri kuwa ita ke kawo ciwon jijiya da ɗingishi. Ana yayyafa ruwa da safe, amma kafin hantsi ya bushe, ga ƙura. Daidai wurin tashi da wurin dira har rami ya faɗa, alamar ba a yawan matsar da shingen. Ya kamata a ƙaro yashi, a riƙa baje shi da manjagara tsakanin darasi da darasi.

Na biyu hular kwano. Waɗanda ake ba da aro sun tsufa, ba wanda ya san sau nawa suka sha ƙasa, alhali hular da ta bugu sau ɗaya ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba. Ka zo da taka, mai alamar inganci ta PAS 015, VG1 ko ASTM F1163 a ciki, wadda ba ta rawa idan ka girgiza kai. Ta babur ba ta maye gurbinta. Takalmi ya zama mai dunduniya kamar santimita 2 don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. Babbar riga da silifas a bar su a mota.

Dawakin koyo uku ne kacal, kuma ɗaya, wani kili mai sanyin hali, kowa shi yake so, saboda haka a kama lokaci da wuri. Tsakanin Maris da Afrilu kada a yarda da darasin da ya wuce ƙarfe tara na safe, zafin Bauchi ba ya raga wa doki balle mahayi. Sau biyu a mako ya wadatar, a bar kwana biyu a tsakani, domin ciwon cinya a rana ta biyu ya fi tsanani. Wanda ke neman shingen mita ɗaya cikin wata guda zai ga wurin da nawa. Mai tsohon ciwon baya ko gwiwa kuma ya faɗa wa mai koyarwa tun kafin a ɗaura sirdi, yana da yadda yake rage zagayen sassarfa ya ƙara hutu a tsakani.