Sepiya ko tokar Payne: wanne ya dace da hoton kaka?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka zana kakanka da fentin ruwa launi ɗaya, ya fito kamar hoton da, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin sepiya da tokar Payne. Na yi aiki da su duka biyun.

Sepiya ruwan ƙasa ce mai duhu. Asalinta tawadar wata halittar teku ce, ko da yake wadda ake sayarwa yau galibi haɗin ruwan ƙasa ne da baƙi. Ido na ganin tsufa a cikinta ne saboda tun wajen shekarun 1880 masu hoto ke wanke hotuna da sinadarin da ke mayar da su ruwan ƙasa don su daɗe. A kan baƙar fata kuwa ba ta da na biyu. Ka tsinka ta da ruwa sosai, ka shafa a goshi da kumatu, ka bari ta bushe ƙarau, sannan ka ƙara shafawa a ƙarƙashin ido da gefen hanci. A shafi na uku sai ka ga fuskar ta yi jini, kamar dattijon zai yi maka magana. Aibinta ɗaya: in ka yi ta komawa da burushi wurin da bai bushe ba, sai ta dagule ta zama taɓo.

Tokar Payne ta ci sunan William Payne, mai zane ɗan Ingila da aka haifa a 1760. Ita haɗin shuɗi ce da baƙi. Tana saurin yin duhu, kuma ita ce ta fi kama da hotunan baƙi da fari irin na Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Aikin babbar riga da zanen atamfa suna fitowa tsaf da ita. Sai dai tana sa fata ta yi furu-furu, kamar ta wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba.

Tunda fuskar kaka kake nema, ni sepiya zan ɗauka. Ka sami takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, don siririya tanƙwarewa take yi da ta sha ruwa. Rawaninsa kada ka sa masa farin fenti. Ka bar farin takardar, ka ɗan sa inuwa a naɗe-naɗen kawai. In lokacin hunturu ne, ka dama fentin da yawa tun kafin ka fara, domin shafin zai bushe kafin ka kai haɓa, ya bar maka layi a tsakiyar kumatu.