Gonar kabewa ta Halowin: taurari biyu na ba su

Ni dai tun farko ban so zuwa ba, gaskiya. Shekararmu 6 a Manchesta ta Ingila ban taɓa kai yarana wani abu na Halowin ba, ko ranar 31 ga Oktoba da yaran unguwa ke bi gida gida suna karɓar alewa kashe fitilar waje nake yi mu yi zamanmu. To bana babban ya shiga shekara 7, ya dame ni duk 'yan ajinsu sun je gonar nan ta bayan gari, ga hutun rabin zango ana zaune a gida ruwa kullum. Na duba shafinsu, sun rubuta ƙarara cewa zagayen rana na iyali ne, babu tsoratarwa, ƙananan yara ma za su iya shiga, na dare shi ne na manya. Abbansu ya ce tunda kabewa ce kawai da hawan tarakta a kai su. Na sayi tikitin ƙarfe 4 ta intanet.

Abin da ban lissafa ba, Lahadin da ta gabaci zuwanmu aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, biyar saura rana ta faɗi. Amma su masu gonar ai sun sani, garinsu ne, su suka tsara lokutan. Mun iso kan lokaci, layi ya tsayar da mu kusan minti 40 a cikin taɓo da sanyi, kafin mu kai ƙofar gonar masarar da aka yanka hanyoyi a ciki duhu ya fara. Na tambayi mutumin da ke karɓar tikiti, na nuna mishi autata mai shekara 4 na ce har yanzu na yara ne ko? Ya ce eh ku shiga ba komai. Wallahi haka ya ce min yana kallon yarinyar.

Farko lafiya lau, gizo-gizon roba, ƙwarangwal an sa mishi hula, kabewoyi da fitila a ciki, babban har dariya yake yana ƙirga su. Da muka yi nisa sai aka saki hayaƙi, fitilu suka fara walƙiya, ba ka ganin gabanka. Kawai sai ƙarar injin yanka katako a bayanmu, wani ƙato da fuskar roba da jan abu kamar jini a riga ya fito daga cikin karan masara da gudu ya yo kanmu. Na san an cire sarƙar injin, ni babba na sani, amma yarinya 'yar shekara 4 ina ta sani? Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa a bakinta ba, ta sandare ta ƙanƙame ƙafata ta saki fitsari a tsaye. Yayanta ya zura da gudu, takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo, ina kiransa hayaƙi ya rufe shi ban ganinsa. Ina ɗauke da ita ina innalillahi ina ɗaga wa mutumin hannu ya tsaya, shi kuma ko a jikinsa, ya ƙara taka injin ya wuce wajen na bayanmu. Minti biyu ne ko uku na rasa ɗana amma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Wata yarinya ce cikin ma'aikatan ta kawo min shi, ba za ta wuce shekara 18 ba, an yi mata shigar mayya. Da ta ga halin da muke ciki ta cire hular da dogon hancin robar, ta durƙusa a cikin taɓon nan ta nuna wa autata fuskarta, ta ba ta hancin ta taɓa, ta yi ta lallashinta, ta fitar da mu ta wata hanyar gefe har ta koma ta nemo takalmin. Allah ya yi mata albarka. Saboda ita a mota na ce wa Abbansu shi ke nan na yafe, kuskure ne, kuma ai babban ya ji daɗin taraktar kuma sun bar kowa ya zaɓi kabewarsa. Har na yi niyyar ba su taurari uku.

Sai da dare ya yi. Ƙarfe biyu autata ta farka tana ihu wai dodo na bayan labule. Kwana tara ke nan yau a gadonmu take kwana, in na yi mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi na tofa sai ta riƙe hannuna ta ce Ummi ki ƙara. Ko injin markaɗe na kunna a kicin toshe kunne take ta shige ƙarƙashin tebur. Mu ma mun taso ana ba mu tatsuniyar dodo, mun ga 'yan tashe da gemun auduga a azumi, amma a jikin kakarka kake ji, kuma ba wanda ya taɓa bin mu da inji cikin duhu.

Na tura musu imel na faɗi komai, lokacin tikitina da abin da mai ƙofa ya ce min. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, wai suna baƙin ciki ban ji daɗin ziyarar ba, wai sharuɗɗansu sun ce iyaye su ke da alhakin sanin abin da ya dace da yaransu, ga rangwame in na dawo baɗi. Baɗi fa! Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, so nake wani ya ce eh mun yi laifi da muka bar masu tikitin rana suka shiga bayan 'yan dare sun fara. Ko wannan ba su ce ba. Tauraro ɗaya na yarinyar nan mai shigar mayya ne, ɗaya na direban tarakta. Kabewar ma da muka ɗauko na ce bari in yi miyan taushe da ita, ruwa ce zalla ba ɗanɗano, kuma autata ta ƙi yarda a bar ta a cikin gida, sai da Abbansu ya kai ta bola.