Wayoyin tebur masu saita kansu: abin da na gani a ofishinmu cikin wata takwas

Ni ne ke kula da kwamfutoci da intanet a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi a nan Sakkwato. Babban ofishinmu yana kan titin Kano, muna da sito a wajen Kasuwar Kara, sai ƙaramin reshe a Illela saboda 'yan kasuwar da ke tsallakowa daga Ƙonni. Da can kowane ma'aikaci da wayarsa ta hannu yake hulɗa da masu saye. Ranar da ɗaya daga cikin masu sayarwarmu ya bar aiki, ya tafi da layinsa, manoma da dillalai suka ci gaba da kiransa, ciniki ya bi shi. Abin ya yi wa Alhaji mai kamfanin zafi. Ya kira ni ofishinsa ya ce, "Kai, lokacin da munka fara kasuwa lamba guda gare mu, mai farawa da 060, kowa ita ya sani. Ita nike so a maido." Wato zamanin wayar tangaraho yake nufi, kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001.

Waccan wayar ba za ta dawo ba, amma akwai madadinta. Muka sayi akwatin rarraba kira, wanda masu sana'ar ke kira PBX, da wayoyin tebur 24 na Yealink masu aiki ta kebul ɗin intanet. Sunan akwatin namu zan bar shi, don ba talla nake yi ba, kuma abin da zan yi sharhi a kai, wato akwatin ya saita wayoyin da kansa, akwai shi a Yeastar da Grandstream da 3CX da FreePBX, kowanne da salonsa.

Uku na farko da hannu na saita su, don ban san akwai wata hanya ba. Ka jona waya, ka danna OK ta nuna maka adireshinta, wato lambar da kwamfuta ke samunta da ita, ka rubuta shi a kwamfuta, ka shiga, ka sa lambar ciki ta ma'aikacin, ka sa kalmar sirri mai tsawo, ka sa adireshin akwatin, ka gyara agogo, sannan ka bi maɓallan gefe ɗaya bayan ɗaya. Kowace waya ta ci mini kusan minti ashirin, ta ukun kuma ta ƙi rajista saboda na rubuta sifili a wurin harafin O. Ina cikin haka injiniyan da ya kawo mana kayan ya shigo, ya leƙa allon kwamfutata ya ce, "Malam, haka za ka bi su duka? Ai sai dare ya yi maka. Matso in nuna maka."

Abin da ya nuna mini ba shi da wuyar fahimta. Kowace waya tana da lambar shaida da aka buga a takardar da ke manne a bayanta, lambar MAC, mai haruffa da lambobi 12, kuma babu waya biyu masu lamba ɗaya. Namu duk da 805EC0 suka fara, tsofaffin na kamfanin kuma za ka ga 001565. A cikin akwatin sai ka ce wannan MAC ɗin na mai lamba 101 ne, wancan na 102. Akwatin ya rubuta wa kowace waya fayil ɗinta mai ɗauke da sunan MAC ɗinta, ya ajiye. Da zarar waya ta tashi, abu na farko da take yi shi ne neman inda fayil ɗinta yake. Hanyoyin da take sanin wurin uku ne. Ko dai rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis, ta gaya mata a lokacin da take ba ta adireshi, ta abin da ake kira zaɓi na 66 a tsarin DHCP. Ko wayar ta yi shela a cikin gida, akwatin ya ji ya amsa mata. Ko kuma ta fita intanet ta tambayi sabar kamfanin da ya ƙera ta, can a nuna mata hanya. Rautarmu ƙarama ce, ba ta da gurbin zaɓi na 66, don haka ta shela muka bi.

Ranar Asabar da safe na shimfiɗa sauran wayoyin a kan doguwar teburar taro, na jona su. Ina kallon allon kwamfuta suna fitowa a jere, kowace da MAC ɗinta. Na ba ta farko lamba 105 na danna. Allonta ya yi duhu, ta sake tashi, ta ɗan tsaya tana ɗauko fayil, sai ga sunan akantanmu ya fito a kusurwa, alamar layi ta koma kore. Na ɗaga kan wayar na ji sautin layi. Gani ya kori ji. Kafin a kira azahar na gama da duka, har da manna sunan kowa a ƙasan wayarsa.

Abin da ya fi burge ni ba wannan ranar ba ce, abin da ya biyo baya ne. Akwai samfuri guda da duk wayoyin ke ɗauka daga gare shi. Littafin lambobin kamfani yana ciki, jerin maɓallan gefe yana ciki, har da ƙarar kira. Da muka ɗauki sababbin ma'aikata biyu gab da damina, wuri ɗaya na ƙara sunayensu, washegari suna cikin kowace waya. Wayar mai karɓar baƙi babba ce, T46U, mai allo mai launi, maɓallanta suna nuna wanda ke kan layi da jar fitila, wanda ba ya kan layi da kore. Tun daga nan ta daina hawa bene don duba ko Alhaji ya gama magana.

Amma samfurin nan kaifi biyu gare shi, kuma a makon farko na ji ɗaya kaifin. Ban canza yankin agogo ba a ciki, ya zauna a na Sin, wanda ke gaban Najeriya da awa bakwai. Ranar Litinin ƙarfe tara na safe, wayoyi 24 suna nuna ƙarfe huɗu na yamma. Akanta ya kira ni ransa a ɓace, domin da lokacin kira yake daidaita odar da dillalai suka bayar ta waya. Gyaran bai kai minti biyar ba, sai dai ya nuna mini cewa kuskure ɗaya a can sama kan kowa yake sauka lokaci guda. Yanzu duk canjin da zan yi, a wayar teburina kaɗai nake fara gwada shi, ta kwana da shi, sannan in saki wa sauran.

Na biyu ya fi damuna, don ya taɓa mutum. Hajiya mai karɓar baƙi ta zauna ta jera maɓallanta yadda hannunta ya saba, sito a sama, direbobi a ƙasa. Cikin dare wayar ta sake ɗauko fayil ɗinta, ta share duk abin da ta yi. Da safe ta same ni ta ce, "Ƙanena, mi na yi maka ka ɓata min aiki?" Ban taɓa wayarta ba, amma tana da gaskiya. A ganina nan tsarin ya gaza: ya kamata a ce tun a allon wayar akwai gargaɗi cewa abin da ka canza da hannu ba zai ɗore ba. Akwai saitin da ke kare canje-canjen mai waya, amma a ɓoye yake, sai wanda ya tona. Na kunna mata shi, na kuma zauna da ita muka mayar da jerin nata cikin akwatin.

Wayoyi huɗu na saman bene kuwa, da na mayar da su wurinsu bayan wani gyara, sun ƙi fitowa a jerin sam. Rabin yini na yi ina canza kebul. Ruwa ba ya tsami banza: ashe yaron da ya ja mana waya a bene ya sa wata ƙaramar rauta a can, tana raba nata adireshin, shelar wayoyin kuma ba ta tsallake rauta. Da na kashe mata rabon adireshi ta koma mahaɗa kawai, nan take suka bayyana.

Maganar wuta dole in yi ta, don a Sakkwato muke. Wayoyin ba su da caja, ta kebul ɗin intanet suke samun wuta daga suwic, na'urar da duk kebul ɗin ke haɗuwa a cikinta, mai PoE, tsarin tura wuta ta kebul da aka daidaita tun 2003, mai ba da har wat 15.4 a kowace kafa, wayar tebur kuma ba ta cin rabin haka. Wannan alheri ne, don inbata ɗaya ta riƙe duka. Sai dai da farko suwic kaɗai muka sa a kan inbata, akwatin da rauta suna kan wutar gari. In aka ɗauke wuta wayoyi suna kunne amma ba layi, in aka kawo kuma sai su daɗe suna laluben akwatin da bai gama tashi ba. Da muka haɗa ukun a kan batir ɗaya magana ta ƙare. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, sai da na cire ƙofar ƙaramin kabad ɗin na sa masa fanka, ƙurar hunturu kuma duk wata nake hure ta.

Illela ce ta sa na yarda kuɗin bai tafi banza ba. Wayar reshen ta lalace bayan wata tsawa. A da sai in kama hanya da sassafe, in dawo da yamma. Wannan karon na ɗauko sabuwa daga kwali, na rubuta MAC ɗinta a akwatin, na yi mata rajista a sabar kamfanin da ya ƙera ta, na ba direbanmu. Na ce wa yaron reshen ya jona kebul kawai, kada ya danna komai. Bayan la'asar wayar teburina ta yi ƙara, allon ya nuna 301, lambar reshen. Na ɗaga, ya ce, "Yallaɓai, ta kawo da kanta." Sai dai wannan bai zo kyauta ba. Intanet ɗin da ke zuwa ta layin SIM ba ya ba ka adireshin da za a same ka daga waje, don haka muna biyan kuɗin shekara na hanyar da ke haɗa reshe da akwatin, kuma da dala ake lissafa shi. Na kuma sauya wa wayoyin Illela tsarin murya daga G.711 mai cin kilobit 64 zuwa G.729 mai cin 8, saboda in sabis ya yi rauni magana tana yankewa. Muryar ta ɗan rage kyau, amma ana jin juna.

Fayil ɗin nan fa yana ɗauke da kalmar sirrin layi. Wanda ya same shi zai iya buga waya ƙasar waje da kuɗin kamfaninka, kuma akwai masu yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kafa ta 5060, ƙofar da kiran waya ke bi, don wannan. Na rufe tsohuwar hanyar ɗauko fayil ta TFTP wadda ba ta ɓoye komai, na bar HTTPS kaɗai, na kuma sa samfurin ya canza kalmar sirri ta "admin" da wayoyin ke zuwa da ita.

Inda na yi asara shi ne wayoyi uku na hannu da na saya wajen wani ɗan kasuwa don sito, ganin sun yi araha. Na mayar da su yadda suka fito daga kamfani, amma da sun ga intanet sai su ɗauko sunan wani ofishi na Turai da lambobinsa, su kulle. Tsohon mai su bai cire MAC ɗinsu daga sabar kamfanin da ya ƙera su ba, don haka can ake tura su kullum. Mai sayarwar ya rantse bai san da wannan ba, kuma ya ƙi karɓar kayansa. Na aika wa kamfanin da ya ƙera su hoton takardar bayan kowace waya ina neman a sake su. Biyu an sake su bayan 'yan kwanaki, suna aiki a sito yanzu. Ta ukun takardarta ta goge, lambobi biyu na ƙarshe ba sa karantuwa a hoto, tana nan cikin kwali a ƙarƙashin teburina.