Yasar magudanar rufi a Legas: yaran unguwa ko kamfani?

Alhaji, ka ce kana da gidan zama a Agege da kuma bene mai shaguna, kana tambaya ko ka ci gaba da kiran yaran unguwa su yashe maka magudanar rufi, ko ka ɗauko kamfanin da sana'arsa ke nan. Ni dai shawarata, gidan ka bar wa yaran, benen ka ba kamfani.

Amma fara cire lissafin Kano daga ranka. Can ruwan shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, kuma da zarar Oktoba ta wuce rana ta busar da komai. Legas kuwa ruwanta ya haura milimita 1,500, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ce za ta nemi hanyar sauka. In ta tarar da bututu a toshe, silin da bango za ta bi. Ga shi ganyen da ya faɗa ciki ba ya bushewa balle iska ta kwashe shi, ruɓewa yake ya zama taɓo. Na taɓa ciro wata 'yar bishiya da saiwarta daga tawa magudanar, tsawonta ya kai kamu ɗaya.

Yaran unguwa suna da araha, kuma ko yanzu ka aika za su zo. A gidan da ba bene ba, wanda magudanarsa ke bakin kwano ana ganinta daga ƙasa, tsani da bokiti da safar hannu sun wadatar. Matsalarsu ɗaya: abin da ido ya gani shi suke kwashewa. Bututun da ke saukar da ruwa ba sa taɓa shi, alhali a gwiwarsa leda da yashi ke cushewa. Sai ka tsaya a kansu, kuma ka hana su yawo a tsakiyar kwano. Wanda zai taka, ya bi layin ƙusa inda katako yake a ƙasa, in ba haka ba ya lotsa maka rufi.

Benen kuwa wata magana ce, musamman in irin rufin nan ne da aka ɓoye a bayan katanga, wanda magina ke kira farafet. Magudanarsa ta kankare ce, yawanci an shimfiɗa mata kwalta don kada ta yi yoyo. Yaro ya sa shebur ya kankare, ya yage kwaltar bai sani ba, kai ma ba za ka sani ba sai ɗan haya ya kira ka cewa atamfofinsa sun jiƙe. Kamfanin kirki yana zuwa da igiyar ɗaure jiki, da injin feshin ruwa, da sandar zura wa bututu, ya duba tsatsa da tsagewa, ya ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. Ga jiƙaƙƙen kwano da santsi, ga wayar lantarki kusa da rufi. In ɗan mutane ya faɗo daga hawa na biyu, Allah ya kiyaye, kuɗin da ka yi tattali ba zai biya ko asibiti ba. Sai dai ka lura, ba duk mai riga mai tambari ne kamfani ba. Ka tambaye su wa ke ɗaukar nauyi in ma'aikaci ya ji rauni, a rubuta a takarda.

Ko wa ka ɗauka, sau ɗaya a shekara bai isa ba a nan. A yi a Maris kafin ruwa ya kankama, a sake a Agusta in ruwa ya ɗan lafa, in akwai bishiya kusa a ƙara bayan damina. Ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi sauro ƙyanƙyasa. Kuma kada ka biya kowa sai an zuba bokiti biyu a sama kana tsaye a ƙasa, ka ga ruwan ya fito da ƙarfi ta bakin kowane bututu.