Gwajin Man Gyaɗa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa sarin man gyaɗa duro-duro ya san hanci da harshe suna da iyaka. Ka sansana, ka ɗanɗana, ka ɗaga kwalba ka hanga ta cikin rana, mai algus ya riga ka sanin duk wannan. Na daɗe ina matsar gyaɗa da sarin mai a Kano, shi ya sa abokan sana'a suke yawan tambayata: in za a kai mai ɗakin gwaji, wane gwaji za a ce a yi? Gwaje-gwajen suna da yawa, kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma in ka shiga ba ka san taka tambayar ba, sai a sayar maka da amsar wani.

In yawan maiƙo kake son sani, wato nawa ne man da ke cikin gyaɗa ko wanda ya rage a tunkuza, to na'urar Soxhlet ta ishe ka. Wani masani a Jamus, Franz von Soxhlet, ya ƙirƙiro ta a 1879, kuma har gobe tana aiki: a busar da samfur, a niƙa, a bar ruwan hekzen, wani sinadari mai narkar da mai, ya yi ta wanke shi na sa'o'i, sannan a auna man da ya fito. Gyaɗa mai kyau takan ba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Na'urar araha gare ta, kusan kowace jami'a tana da ita. Amma ba ta san man gyaɗa daga man inji ba, ita dai duk abin da ya narke mai ne. Hanyar Gerber ta masu madara ce, ba ta shafe mu ba. Hanyar Folch ta 1957 da ta Bligh da Dyer ta 1959 kuwa a bar wa masu binciken nama da kifi.

Sai ƙananan gwaje-gwajen ɗige, waɗanda nake girmamawa daidai gwargwado. Gwajin asid yana nuna ko man ya fara lalacewa saboda danshi ko ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Gwajin feroksaid yana nuna ko iska da zafi sun fara juya shi. Ƙa'idar Codex, wato ƙa'idar ingancin abinci ta duniya, ta ce man matsa wanda ba a tace a masana'anta ba kada asid ɗinsa ya wuce 4, feroksaid kuma kada ya wuce 15. Tataccen mai kuwa 0.6 da 10. Ka yi gwaje-gwajen nan biyu a kan kowane kaya, ba su da tsada. Sai dai lafiyar mai suke faɗa, ba asalinsa ba.

Gwajin aidin, wanda ke auna yawan aidin da mai yake sha don a gane irinsa, shi ne wanda mutane suka fi yarda da shi, shi ne kuma ya fi sauƙin yaudara. Lissafin ba wuya: tataccen ruwan manja, wanda ake sayarwa fari tas a jarka, yana wajen 56 zuwa 60, man waken suya yana tsakanin 124 da 139. Haɗa su rabi da rabi, sai ka sami casa'in da 'yan kai, daidai inda man gyaɗa yake zama. A zuba ɗan man ƙuli don ƙamshi, shi ke nan, takarda ta ce lafiya lau. Na'urorin haske irin su NIR suna da sauri, amma abin da aka koya musu kawai suka sani, kuma ban cika samun wadda aka koya wa gyaɗarmu ba.

Ni dai in kuɗin gwaji ɗaya gare ni, na'urar GC mai idon wuta, wadda ake kira GC-FID, zan biya. Kowane mai haɗi ne na asid-asid ɗin maiƙo iri-iri, kuma kowace shuka da nata rabon, kamar zanen yatsa. Ana ɗaukar ɗigo kaɗan na mai, a dafa shi da metanol da wani sinadari don asid ɗin su rabu su zama masu saurin tashi, sannan a tura su cikin wani siririn bututu da ke naɗe a tanda. Kowanne yana fitowa a lokacinsa, harshen wutar haidirojin ya ƙone shi, na'ura ta zana masa tsauni a takarda. Girman tsaunin shi ne yawansa. Abin sha'awa, lokacin da James da Martin suka fito da wannan fasaha a Ingila a 1952, asid ɗin maiƙo suka fara rarrabewa da ita. Kamar don mu aka yi.

Ga abin da nake dubawa. A man gyaɗa na gaskiya, asid ɗin da ake kira falmitik ba ya wuce kashi 14 cikin ɗari, alhali a manja yana kai 40. Linolenik kusan babu shi a gyaɗa, ba ya kai kashi 1, amma a waken suya yana tsakanin 4.5 da 11. Sannan ga shaidu uku da ke can ƙarshen zane: arakidik, behenik da lignoserik. Behenik kaɗai yakan kai kashi 1.5 zuwa 4.5 a gyaɗa, kuma manja da waken suya ɗan burbushi kawai gare su. Wancan haɗin rabi da rabi da ya tsallake gwajin aidin, a nan falmitik ɗinsa zai haura 20, linolenik ya ɗago kai, behenik ya kusa ɓacewa. Ba shi da mafaka. Haka man shanu: butirik ne shaidarsa, wajen kashi 3 zuwa 4, in an cakuɗa da kitse ko man shuka sai ya faɗi. In kuma za ka nemi rajistar kaya, ƙa'idar NAFDAC ta 2022 ta iyakance kitsen tarans, wani nau'in maiƙo mai cutar da zuciya, ga giram 2 cikin giram 100 na maiƙo, kuma wannan na'urar ce ke auna shi, amma fa sai da bututu mai tsawon mita 100, irin SP-2560 ko CP-Sil 88. Gajeren bututu cakuɗa shi yake yi da sauran asid ɗin.

To, inda aka ƙona ni. Wata shekara na kai samfurin man wani dattijo da muka daɗe muna ciniki, aka ce mini ai GC-MS, wata na'urar GC mai laluben sunayen sinadarai a kwamfuta, ta fi, ita ce babbar yaya. Na biya. Aka kawo mini takarda mai jerin sunaye dogaye, babu behenik, babu lignoserik, sai wasu sinadarai da ko a littafi ban taɓa jin an danganta su da gyaɗa ba. Na mayar wa bawan Allah kayansa, har da maganganun da nake kunyar tunawa. Daga baya na kai ragowar kwalbar wani wuri aka yi da GC-FID, man nan tsarkakakke ne. Ashe na farkon ko dafa shi da metanol ba su yi ba, sun tura ɗanyen mai, sun bar kwamfuta ta yi ta cankar sunaye daga rumbunta. Na'urar ba ta da laifi, a hannun gwani aiki take yi sosai. Amma dattijon bai sake kawo mini kaya ba, ko da na je har gida na ba shi haƙuri.

Tun daga ranar ba na tambayar sunan na'ura, aikin nake tambaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka ce a nuna maka zanen samfurinka, mai kwanan wata da lambarsa, ba jadawalin da aka buga a kwamfuta kawai ba. Ka ce a nuna zanen ma'aunin kwatance, wato sanannen haɗin nan mai asid 37 na kamfanin Supelco ko makamancinsa, wanda ake kwatanta samfur da shi, ka duba ranar ƙarewarsa. Wasu kwalba ɗaya suke lallaɓawa shekara da shekaru. Ka tambayi hanyar da suke bi: AOAC 996.06 ce ko ISO 12966? Wanda ya tsaya inda-inda, ɗauki kwalbarka. Ka tambayi me suke yi in an ɗauke wuta, domin gudu ɗaya a dogon bututu yakan ci kusan awa guda, in ya yanke a tsakiya sai an sake.

Mafi muni su ne masu gwajin biro. Na'ura ta lalace ko gas ya ƙare, amma ba za su faɗa ba. Za su karɓi kuɗinka, su kwafo lambobi daga intanet ko daga takardar wani, su canza ɗigo ɗaya biyu. Akwai kuma 'yan tsakiya, masu ofis da hatimi ba na'ura, su karɓa su kai inda ba ka sani ba. Alamarsu sakamakon da ya yi kyau fiye da kima, ko wanda ya fito da yamma alhali da rana ka kai. Maganinsu ɗaya na sani: raba mai ɗaya kwalba biyu, ka ba su lamba daban, ka ƙara ta uku wadda kai da kanka ka zuba wa kashi ɗaya cikin biyar na man waken suya. Kada ka rubuta komai sai lamba. In biyun farko sun saɓa da nisa, ko ta ukun ta fito tsarkakakkiya, ka san da wa kake. Shaidar ISO 17025 ta ƙwarewar ɗakin gwaji da rajistar IPAN, cibiyar masu gwajin kaya ta Najeriya, suna da amfani, amma ka karanta takardar da kyau, domin ana iya ba ɗaki shaida a kan gwajin ruwa alhali ba a taɓa tantance shi a kan mai ba.

Kai ma kada ka yarda mai kaya ya ɗebo maka samfur. Ɗebi da hannunka daga sama, tsakiya da ƙasan duro, cikin kwalbar gilashi mai duhu, busasshiya, ka cika ta har wuya, ka ajiye ɗaya a gida. Kuma ka sani GC-FID ba ta ganin rinin Sudan da ake zuba wa manja, ba ta ganin gubar afalatoksin ta gyaɗa mai fumfuna. Waɗannan gwajinsu daban, kuɗinsu daban.